Yadda za ka koyi jin raf ɗin 'yan ƙarƙashin ƙasa ba tare da kanka ya ɗau zafi ba

Akwai abun da ke ban haushi wallahi, ka tura wa mutum waƙar da kai ka yi wata uku kana taunawa, ko minti ɗaya ba a yi ba ya dawo maka da "wannan ai surutu ne kawai, ina amshin?" Amma in na tuna sai in yi shiru, don ni ma haka na ce ranar da yayana ya fara sa min irin su a ɗakinsa a Angwan Rogo nan Jos, lokacin sanyin nan na Disamba da ko ruwan alwala sai an ɗumama. Na ce Yaya wannan mutumin waƙa yake ko karatun labarai? Ya ce zauna mana, kai kunnenka ne bai gama girma ba. Na ji haushin maganar sosai a lokacin, amma gaskiyarsa ce.

Su 'yan ƙarƙashin ƙasa da ake faɗa ba wasu 'yan ƙungiyar asiri bane, mawaƙan gambarar zamani ne da ba rediyo suke yi wa waƙa ba, ba kuma gidan biki ba. Babu ruwansu da ko za a yi rawa, da yawansu ma babu babban kamfani a bayansu, abun da ya dame su shi ne kalma, yadda za a ɗinka ta a cusa mata ma'ana biyu uku a wuce ko waiwaye babu. To irin wannan ba a jin ta kamar yadda ake jin waƙar da mai keke ya ƙure daga Taminus zuwa Farin Gada. Zama ake mata.

Abu na farko, kar ka ɗauko albam goma. Wannan kuskuren kowa na yi, a cika waya da waƙoƙi a ƙone data, a ƙarshe ba wadda aka ji. Zaɓi waƙa ɗaya tak, ka ba ta sati guda. Ka nemi iyafis mai ɗan kyau, ba sai mai tsada ba amma ba irin wanda kunne ɗaya ya mutu sai an riƙe wayar a karkace ba, kuma dan Allah ba a sifikar waya ba, don rabin aikin a can yake mutuwa.

Ji na farko da na biyu kar ka damu da me yake cewa. Na san abun zai maka banbaraƙwai tunda kalmomin ne suka kawo ka, amma ka ɗauki muryar kamar wata ganga ce cikin gangunan. Ƙirga kiɗan, ɗaya biyu uku huɗu, za ka ji wata ƙara mai kama da tafi tana sauka a kan biyu da huɗu, duk huɗun nan shi ne "bar" ɗaya a yarensu, kuma baiti yawanci "bar" 16 ne. Irin kiɗan da suka fi so ba gudu yake ba, wajajen bugu 90 ne a minti, kaga kenan baiti guda bai fi sakan 43 ba. A cikin wannan ɗan lokacin ne mutum zai zuba maka abun da za ka kwana kana warwarewa. Lura da inda yake shan numfashi, inda ya riga kiɗan, inda ya yi kamar ya makara da gangan sannan ya kamo shi a kwana. Wasu ba sa tsayawa a ƙarshen layi, sai su tsallaka da maganar cikin na gaba, shi ya sa sabon kunne ke jin kamar mutumin ya ɓata hanya alhali yana sane.

Sai kuma aikin da yawancin mutane ke gudu, wato rubutu. Samu littafin makaranta mai rahusa da biro, ka sa baitin farko, ka rubuta abun da kunnenka ya ji da kanka kafin ka je intanet. A YouTube akwai wajen rage gudu, mai da shi 0.75, muryar za ta koma kamar ta wanda bai gama farkawa daga barci ba amma za ka tsinci kalmomin da suka wuce ka. Inda ba ka ji ba ka bar fili. Sai ka gama ne za ka buɗe Genius, shafin da ake rubuta kalmomin waƙoƙi da bayaninsu, ka gwada da naka, kuma nan ma ka yi hattara, bayanan da ke shafin masu sauraro irinka ne suke rubuta mafi yawansu, wani bayanin daidai ne wani kuma mutum ne ya zauna ya ƙirƙiro ma'anar da mai waƙar ma bai san da ita ba. Ni nawa littafin har yanzu akwai tabon shayi a shafin farko, da wani layi da na rubuta ba daidai ba na yi kusan shekara ina rera shi a haka da ƙarfin hali.

In rubutun ya samu sai ka ɗauko biro kala biyu ko uku ka fara ja wa amsa-amo layi. A nan ne daɗin yake, bari in ɗan daɗe a kai. Mu mun saba da amsa-amon ƙarshen layi, wanda ko a rubutacciyar waƙar Hausa shi malamin makaranta ya fi nuna mana. Raf ma da haka ta faro tun 1973 da DJ Kool Herc ya fara haɗa casu a unguwar Bronx, layi ya ƙare da sauti, na biye ya amsa masa. Wanda ake yawan cewa ya sauya lissafin shi ne Rakim, da albam ɗinsu na 1987 shi da Eric B., inda amsa-amon ya shigo tsakiyar layi kuma ba gaɓa ɗaya kaɗai ke amsawa ba, gaɓa biyu uku ne a jere suke amsa wa 'yan uwansu. Daga nan 'yan baya suka ɗora. Bari in haɗa wasu layi biyu da kaina don ka ga abun a Hausa, kar ka min dariya ni ba mawaƙi bane:

Tun safe ina Farin Gada, aljihu ana fari, gada ta tsere
Mai keke na jiran canji, ni canjin nake jira tun jiya da dare

Ji ɗaya za ka ce ai tsere da dare ne kawai suka haɗu. Koma baya. Sunan unguwar an fasa shi biyu a cikin layin, fari ya koma farin rashin ruwan sama wato aljihu ya bushe ƙayau, gada kuma ta tashi daga wadda ake hayewa ta koma ta daji wadda ta kuɓuce wa maharbi, abun da aka fito nema bai samu ba kenan. Canji na farko na kuɗi ne, na biyun kuma duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan a 2015 ya san ba naira hamsin ake nufi ba. Ga kuma jira da jiya da suke gogar juna a tsakiya. To in ni da ba kowa ba na iya cusa wannan a layi biyu, ka yi tunanin wanda ya yi shekara ashirin ba shi da aiki sai wannan.

Kuma abun da nake so mutanenmu su gane kenan, wannan ba baƙon abu bane a kunnen Bahaushe. Harshen damo ne. Habaici ne da zambo da kirari, sun sa hula hana-sallah kawai. Kakarka in ta ji kishiya ta yar da magana a tsakar gida tana ɗauka tun kafin ta faɗi ƙasa, ba ta buƙatar wani ya fassara mata. Waƙar Narambaɗa har yau malaman jami'a na zama su warware baiti ɗaya a shafuka, don wanda bai san fada da sarautun Gobir da Zamfara ba rabin maganar wuce shi take. Mu nan Jos ma muna da namu, marigayi Ɗan Maraya da ya rasu a 2015, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba wani taron makaɗa a bayansa, kiɗa ɗan kaɗan magana da yawa, kan karen mota da zaman aure da talakan da ba mai kula shi. In ka iya zama ka ji wannan har ka gyaɗa kai, to kana da kunnen, yaren ne kawai ya canza. Kukan kurciya ma ai jawabi ne.

Wahalar gaske tana wajen abubuwan da suke ambato. Mawaƙin Amurka zai jefo sunan ɗan ƙwallon kwando na shekarun 1980, ko wani titi a unguwarsu, ko wani ɗan wasan barkwanci, kai kana Nasarawa Gwom ina za ka sani? Ba laifinka bane, shi ma in ka ce masa Katako ko Dilimi sai dai ya zuba maka ido. Duk sunan da ba ka gane ba ka zagaye shi da biro ka bincika ɗaya bayan ɗaya, a hankali za ka ga wasu abubuwan suna ta maimaituwa. Misali 'yan Wu-Tang na Staten Island da suka fito a 1993, finafinan Chanis na kunfu ne suka cika musu kai, wannan kam mu da muka taso a gidan kallo mun ma fi wasu Amurkawan ganewa. Wani kuma da ya kamata ka sani tun wuri don kar ya ruɗe ka, za ka ji wasu na New York suna ambaton Allah, suna kiran junansu da sunan ubangiji, suna wasa da lambobi. Yawanci wannan daga wata ƙungiya ce ta 'yan kashi biyar cikin ɗari da Clarence 13X ya kafa a Harlem a shekarun 1960 bayan ya fita daga ƙungiyar Nation of Islam, kuma aƙidarsu daban take da Musuluncin da muka sani nesa ba kusa ba. Sanin hakan zai sa ka fahimci layin, ba wai ka ɗauki abun ba. Haka batun ashar da zancen ƙwaya da bindiga, akwai su a wasu, kai ka san inda za ka ja layinka, kuma ba waƙar da za ka saki a falo gaban su Hajiya bace.

Da wa za a fara? Ni dai ra'ayina a fara da na gida, don aƙalla in ya yi zancen wuta ko ɗan sanda a shingen hanya ka san me yake nufi. Mode 9, wanda ya yi zaman Abuja har da aikin rediyo, ya ci kyautar gwanin kalmomi ta Headies, bikin karrama mawaƙan Najeriya, sau bakwai, kuma shi ne mutumin da aka fi yi wa ƙorafin nan na wai turancinsa ya yi yawa. M.I ɗan garin nan ba za a kira shi ɗan ƙarƙashin ƙasa ba, amma jerin waƙoƙinsa na Illegal Music da ya fara a 2009 a can ya fi sakin hannu, haka ƙaninsa Jesse Jagz in ya ga dama. In Hausa kake so ka ji an murɗa, leƙa Bauchi wajen B.O.C Madaki. Bayan nan sai ka haura waje. Albam ɗin Illmatic na Nas na 1994 waƙa goma ne kacal, ya yi daidai da mai koyo. MF DOOM, mai abun rufe fuskar ƙarfen nan da aka haifa a Landan ya rasu a 2020, ka bar shi sai ka ɗan yi ƙwari, albam ɗinsa da furodusa Madlib na 2004 waƙa 22 ne cikin minti arba'in da wani abu kuma kusan babu amshi, da ka fara sabawa da waƙa ta ƙare. Shi kuwa Aesop Rock a ajiye shi can ƙarshe. A 2014 wani mai bincike Matt Daniels ya ƙirga kalmomi 35,000 na farko na mawaƙa da dama, shi ya zo na ɗaya da kalmomi daban daban 7,392. Ranar da na fara jin sa kashewa na yi na fita shan iska.

Amma fa kar wannan lissafin ya yaudare ka, ba duk mai wuyar ganewa ne mai zurfi ba. Akwai 'yan burga da yawa a harkar nan, mutum ya buɗe ƙamus ya kwaso manyan kalmomi ya jera, amsa-amo ya zauna daram amma in ka tambayi me aka ce babu komai, ganga ce ba hatsi. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in na gama warware baiti sai in gwada faɗa wa wani abun da ke ciki da Hausa a jimla biyu. In akwai abun faɗa, to waƙa ce. In na buɗe baki na rasa, sai in goge ta ko da duk intanet na yabonta. Kuma in ka ba waƙa satinta cikakke ba ta shige ka ba, wuce abunka, ba jarabawa bace.

Sannan ka nemi abokin musu, wannan kusan dole ne. Mu wajen wani mai shayi muke haɗuwa ta bakin Bauchi Road bayan isha'i, iyafis ɗaya kunne ɗaya ɗaya, a tsayar a mayar baya a tsayar, wani ya ce mawaƙin da tsohon furodusansa yake wani ya ce a'a da kansa yake, har mai shayin ya gaji ya ce samari ko ku ƙara kofi ko ku ba wasu benci. Rabin abun da na gane a can na gane shi, don abun da kunnenka ya tsallake na wani zai kama.

Kwanaki ƙanina da ke cewa duk surutu ne ya shigo ya tarar ina ja wa wani baiti layi da jan biro, ya tsaya a kaina ya yi shiru can ya ce Yaya ba ka ja wa wannan ba, ai shi ma ya amsa na sama. Na duba, wallahi haka ne. Ya ari littafin ya ce kwana biyu, yau sati uku kenan.