Darasi na 6: An Dawo Daga Bita, Sai Me?

Ƙungiya takan tura mutum ɗaya ko biyu bita, su yi kwana uku, su dawo da littafin rubutu da takardar shaida. In aka bar abin a nan, ilimin zai kwana a jakar wanda ya je. A wannan darasi za mu ɗauki misalin ƙungiyar manoma da ta tura wakili bitar ajiyar wake a buhun PICS. Shi ne buhun nan mai hawa uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007.

A kira taro kafin kwana bakwai su cika da dawowa. Bayan mako biyu, wakili zai tuna abincin da aka ci a wurin bita, amma zai manta yadda aka ɗaure bakin leda. Kada ya tsaya karanta duk abin da ya rubuta. Ya zaɓi abu ɗaya ko biyu da ƙungiya za ta iya yi a kakar bana da kuɗin da ke hannun ma'aji. Sauran a bar su a littafi tukuna.

Gani ya kori ji, don haka ya zo da buhu ɗaya da wake, ya yi aikin a gaban kowa. Buhun leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin kilo 100. Da farko a hura wa kowace leda iska, a riƙe bakinta a matsa. In iska ta fita, akwai huji, a ajiye ta gefe. Sai a zuba wake kaɗan a leda ta farko, a saka ta cikin ta biyu, a saka su duka cikin buhun waje, a ci gaba da zubawa ana girgizawa. A bar kamar taƙi ɗaya a sama. A matse iska ta fita, a murɗa bakin leda, a lanƙwasa shi, a ɗaure da igiya. Kowane hawa da nasa ɗaurin, wato ɗauri uku ke nan. Ba a sa magani. Ƙwarin ne ke shanye 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci da haihuwa, su mutu.

Da ya gama, mutum biyu su tashi su maimaita da hannunsu, shi kuma ya yi shiru sai in sun kuskure. Yawanci a ɗauri ake gane wanda bai fahimta ba, don sai ka ga ya haɗa leda biyu ya ɗaure su tare.

Yanzu sakatare ya ja layi huɗu a takarda: aiki, mai yi, rana, kuɗi. A layin mai yi, sunan mutum ɗaya ake rubutawa. Kada a yarda a rubuta "kowa da kowa", domin aikin kowa ba ya da mai shi. A layin rana ma, "bayan girbi" ba rana ba ce. A ce ranar kasuwa ta biyu a watan Oktoba. Ma'aji ya ƙirga buhu nawa kowa yake so, ya karɓi kuɗi, ya saya tun kafin a cire wake, saboda in aka jira sai an sussuka, ƙwaro ya riga ya shiga aiki. Wani ya ɗauki nauyin duba bushewa: a zuba wake da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a girgiza, a bar ta ta ɗan jima. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar da waken shanya, in ba haka ba zai yi fumfuna a cikin leda. Na uku kuma ya share ɗakin ajiya, ya toshe ramukan ɓera, ya jera katako don kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango. Ɓera ɗaya ya isa ya ɓata aikin, domin da iska ta samu hanya ƙwari za su farfaɗo.

Masu shakka ba za a rasa su ba, kuma gardama ba ta kawo su. A ajiye buhun PICS ɗaya kusa da buhun wake na gama-gari, a rubuta ranar ɗauri a jikinsu, kada kowa ya buɗe. Bayan wata huɗu a kwance su a gaban taro, kowa ya sa hannu ya ɗebo.

Duk taron wata, sakatare ya fara da wannan takarda kafin kowace magana. Aikin da aka yi a sa masa alama. Wanda ba a yi ba, a tambayi abin da ya hana, kuɗi ne ko lokaci ko rashin fahimta, sannan a sa sabuwar rana.

Aikin aji: ku ja layukan nan huɗu a littafinku, ku cika su da aiki ɗaya da ƙungiyarku za ta yi kafin taro mai zuwa.