Kurakuran da masu gudun dogon zango suka fi yi idan za su sirka da wani wasa

Duk mai fitowa sassarfa bayan sallar asuba, ko a filin wasa na Giginya ko a doguwar hanyar nan ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, watarana gudun zai gundure shi, ko gwiwa ta fara yi masa ciwo. A nan ake ba shi shawarar ya riƙa sirkawa da keke, ko iyo, ko ƙwallo. Shawarar tana da tushe. A kowane taku na gudu ƙafa tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku, alhali keke da iyo suna sa zuciya da huhu aiki ba tare da wannan dukan ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake aiki da shawarar.

Babban kuskuren shi ne ƙari maimakon musanya. Ɗan yayata yana gudu sau biyar a mako. Da aka ce masa sirki yana da amfani, sai ya cika sauran kwana biyun da ƙwallon yamma, bai rage komai daga gudun ba. Ba a rufa wata ba ya shigo zaure yana ɗingishi, ya naɗe wando ya dafa ƙaurinsa, wajen taƙi ɗaya sama da idon sawu, ya ce, "Kawu, ban san mi yas same ni ba." Na danna wurin da ɗan yatsa, sai ya zabura ya janye ƙafar. Ba a lokacin atisaye jiki yake ƙara ƙarfi ba, sai bayan an gama, yana hutawa yana gyara abin da ya gaji. Wanda ya cinye ranakun hutunsa ya hana shi wannan gyaran. Maganin shi ne duk ranar da keke ko iyo ya shiga, ranar gudu guda ta fita. Gudu sau huɗu, biyu kaɗai masu zafi, sirki sau ɗaya ko biyu, da yini guda na hutu cur, wannan ya ishi yawancin mutane. Ranar sirkin kuma a tafi a hankali: idan ba ka iya yi wa abokin tafiyarka magana sai da haki, ka wuce gona da iri. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, yana ƙaruwa da taku, na asibiti ne, ba na man zafi ba.

Ƙwallo kuwa kada ma a kira ta hutu. Gudu ne na fizga da birki da juyi, galibi a fili mai tauri da tsakuwa, ga kuma ƙafar wani da ba ka san inda za ta sauka ba. Ina sonta, kuma tana ba mai gudu zafin nama, amma a lissafa ta cikin ranakun wahala, washegarinta a sassauta. In akwai gasa a gaba, a jingine ta mako biyu kafin ranar, don targaɗe guda yana iya cinye aikin wata uku. Haka kokawa, wadda mu nan Sakkwato ba a koya muna ita: tana ƙarfafa baya da ƙugu, amma faɗuwa ba ta shawara.

Sai keke, inda kuskuren yake a sirdi. Yawancin kekunan gida an sauke musu sirdi ƙasa don mai hawa ya dafa ƙasa da tafin ƙafa yana zaune. Aike zuwa kasuwa ba komai, amma awa guda a haka gaban gwiwa ne zai biya. Ka zauna kan sirdin, ka ɗora dunduniya kan feda, ka kai ta can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugu ya karkace ba, to in ka mayar da gaban tafin kan fedar za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe, daidai ke nan. Na biyu, samari suna son sa keke a giya mai nauyi don su ji cinya tana zafi. Mai neman juriya giya marar nauyi yake so, ƙafa tana juyawa sau 80 zuwa 90 a minti. Ƙirga ƙafar dama cikin daƙiƙa 15, ka sami 20 zuwa 22. A auna aikin da lokaci, kada a auna da kilomita, kuma a fita da sassafe kafin 'yan kabu-kabu su cika hanya.

Akwai kuma waɗanda keke ya yi wa daɗi har suka bar gudun baki ɗaya, sa'an nan su dawo suna son ɗorawa daga inda suka tsaya. Numfashi zai ba su haɗin kai, ƙashi da agara ne ba za su yarda ba, domin keke ba ya horar da su yadda dukan ƙasa yake yi. A 1984 an yi wa Joan Benoit ta Amurka aikin gwiwa saura kwana 17 gasar tantance masu zuwa Olamfik. Ta riƙe numfashinta da keken motsa jiki, ta koma gudu, ta ci tantancewar, ta kuma ɗauki zinare a gudun fanfalaki na mata na farko a Olamfik, a Los Anjeles. Keken riƙon ƙwarya ya yi mata. Wanda ya yi makonni bai yi gudu ba ya fara da rabin abin da ya saba, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Iyo a gulbin Rima ko tafki ban ba kowa shawararsa ba. Tsargiya ta fata take shiga a irin wannan ruwan, ga igiyar ruwa da damina. A nemi kwamin wanka da ake zuba wa magani.

Masu ɗaga ƙarfe su ma suna ɓata ƙoƙarinsu a ƙirji da damtse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya ƙarfafa tsokarsa aƙalla kwana biyu a mako, kuma mai gudu ƙugu da cinya da sha-raɓa ya fi buƙata. Dakalin ƙofar gida ya isa: hawa da sauka da ƙafa ɗaya, tsugunno da miƙewa, ɗaga dunduniya a bakin dakalin. A bar kamar kwana biyu tsakanin wannan da gudu mai zafi, don tsamin jiki washegari yake fitowa.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, kuma a kan keke iska tana busar da gumi tun bai zubo ba, sai mutum ya ɗauka bai yi asarar ruwa ba. Haka ma da hunturu. A ɗaura gorar ruwa a jikin keken, a riƙa kurɓa ba sai ƙishi ya zo ba, a kuma duba fitsari: in ya yi duhu kamar shayi, ruwa ya yi ƙaranci. Da azumi kuwa a mayar da atisaye mai zafi bayan buɗa-baki ko bayan tarawihi, a bar wa la'asar tattaki ko keke na rabin awa a hankali.