Yadda za ka riƙe gonarka idan aka zaɓe ka ɗan majalisar jiha

Shekara huɗu ina riƙe wa Yayana gonakinsa yana majalisar dokoki a Dutse. Abin da zan faɗa maka, a kaina ya faru.

Doka ba ta raba ka da fartanya ba. Tsarin mulkin 1999 ya hana mai riƙe da muƙamin gwamnati gudanar da kasuwanci, amma ya bar masa noma. Kai dai ka rubuta kowace gona, ta gado da ta saye, a takardar bayyana kadarori ta hukumar ɗa'ar ma'aikata, lokacin kama aiki da lokacin sauka.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. A watan Yuni ake rantsar da sabuwar majalisa, daidai faɗuwar damina. Kasafin kuɗi kuma yakan zo ƙarshen shekara, ana tsakar yankan dawa. Ga shi dole majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Don haka tun kafin ruwan shuka ka damƙa gonar a hannun mutum ɗaya tak, ka tara 'yan gida ka faɗa a gabansu, ka kuma ba shi kuɗin aiki da ikon kashewa.

Wannan na ƙarshen ne ya ci mu a shekarar farko. Masara ta kai gwiwa tana neman yuriya, kuɗin taki yana wurin Yaya, wayarsa kullum a kashe suna zama. Kwana goma ina bin kunya ina duba ganyen ƙasa yana komawa rawaya. Da ya zo ya gani, ya daɗe tsaye bai ce uffan ba, can ya ce, "Ƙanena, laifina ne." Daga ranar, tun da bazara muke sayen NPK da yuriya mu jibge a ɗaki, ni kuma na sayi littafi ina rubuta ko kuɗin shayin 'yan ƙwadago ne.

Sai rumbu. Ƙofar ɗan majalisa ba ta rabo da jama'a, kuma yawancinsu da buƙatar gaskiya suke zuwa: haihuwa, rasuwa, hatsi ya yanke. Ranar da aka kawo amfani gida ka kasa shi. Fitar da zakka tukuna, ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga na rani da ka shayar da inji. Ware iri, ware na ci, sannan ka ware na masu zuwa. Na iri kuwa a sa masa kwaɗo.

Ka riƙa zuwa da ƙafarka, ko ba komai lokacin noman firi da girbi. Yaya kan bar mota a bakin titi, ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshen gawo. A nan maƙwabtan gona ke gaya masa abin da ba za su faɗa a zaurensa ba: burtalin da aka cinye, kwalbatin da ruwa ya tafi da shi. Mafi yawan abin da ya miƙe ya faɗa a majalisa daga bakin kunya ya ɗauko.

Kada ka jinginar da gona saboda neman zango na biyu, ko wa ya ba ka shawarar. An matsa wa Yaya ya sayar da fadamarmu, ya ƙi. Bai koma majalisa ba, kuma a cikin fadamar ya dasa shinkafa daminar da ya sauka.