Babi Na Shida: Farfaɗo Da Tsohuwar Motar Kaya A Gareji

Wannan babi na waɗanda suke so su ɗauki tsohuwar ƙaramar motar kaya mai rufaffen baya, wadda ta daɗe a ajiye, su gyara ta da hannunsu har ta sake hawa titi. Irin motocin da ake nufi su ne Volkswagen da ake kira Kombi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1950 kuma ba a daina yin ta a Brazil ba sai a ƙarshen 2013, da Citroën H ta Faransa mai jiki kamar kwanon rufi, wadda aka yi daga 1947 zuwa 1981, da Ford Transit da ta fito a 1965, da Toyota HiAce da ta biyo baya a 1967. Wanda bai iya karatu da sauri ba kada ya karaya. Ya karanta layi ɗaya, ya je gaban motar ya duba abin da aka faɗa da idonsa, sa'an nan ya dawo ya ɗora.

Darasi Na Ɗaya: Dubawa Kafin A Taɓa Komai

Kayan aikin farko su ne littafin rubutu mai kauri, da biro, da alƙalamin nan mai baƙin tawada da ba ya gogewa, da ƙananan ledoji masu haske da yawa, da wayar da ke ɗaukar hoto. Sifana da guduma za su zo daga baya.

Ku nemi lambar shasi. Tana kan wani ɗan allon ƙarfe da aka manna a jikin motar, ko an buga ta a kan ƙarfen shasin kansa. Ku goge wurin da tsumma, ku kwafe ta a shafin farko na littafinku, harafi bayan harafi, kuna ɗora yatsa a kan kowanne. A nan ne sifiri yake kama da harafin O, lamba 5 take kama da S, lamba 8 kuma take kama da B, don haka idan kun gama ku sa wani ya karanta muku daga jikin motar kuna bin abin da kuka rubuta. Daga 1981 aka daidaita wannan lamba ta zama haruffa da lambobi 17, kuma babu I, babu O, babu Q a cikinta. Motocin da suka girmi wannan shekara tasu takan fi gajarta. Da wannan lamba ce mai sayar da kayan gyara zai san ainihin shekarar motar, domin mota ɗaya mai suna ɗaya tana iya canja kayan ciki daga shekara zuwa shekara. Kombi, alal misali, da batir mai ƙarfin wuta bolt 6 take aiki a farko, sai wajen 1967 aka mayar da ita bolt 12, kuma ƙwan fitilar wannan ba ya yi wa waccan.

Daga nan ku cire batir. Ku fara kwance wayar da ta tafi jikin mota, wadda a yawancin motoci ita ce mai alamar ragi, wato ɗan gajeren layi a kwance, sa'an nan ku kwance ɗayar. Idan kuka fara da ɗayar, sifana ta taɓa jikin mota, wuta za ta yi tartsatsi. Ranar mayarwa kuma, wayar jikin mota ce ta ƙarshe.

Kafin ku shiga ƙarƙashin motar, ku ɗaga ta da jak, ku ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don wannan aiki, a ƙasa mai tauri da ba ta da gangara, ku kuma tare tayoyin da suka rage a ƙasa da katako. Jak na ɗagawa ne kawai. Ba a kwanciya ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na minti ɗaya ne, kuma bulo ba ya maye gurbin ƙafar ƙarfe domin yana fashewa ba tare da ya yi gargaɗi ba.

Yanzu ku ɗauki sukundireba ku riƙa caka ƙarfen a hankali: daben mota, ƙarƙashin ƙofofi, bakin ramin taya, mazaunin batir, gindin gilashi inda roba ta tsufa, da wurin da ake sa jak. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda tsatsa ta ci yana lotsawa, ko ya zubo gari ja. Ku kuma bi jikin motar da mayen ƙarfe da aka naɗe a tsumma. Inda ya ƙi kamawa, wani ya taɓa cike wurin da foti, wato ƙullin da ake cike lotsar mota da shi, ya shafe da fenti. Duk inda kuka samu, ku zagaye shi da alli, ku rubuta a littafi.

Darasi Na Biyu: Kwancewa Da Rubuta Suna

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma a nan na ga masu koyo suna faɗuwa fiye da ko'ina. Kwance mota ba wuya, kowa yana iyawa. Mayar da ita bayan watanni ne ke gagara, sa'ad da notuna ɗari suka haɗu a gwangwani ɗaya, ba a san na ƙofa ba, ba a san na birki ba.

Ga yadda za ku yi da kowane abu, komai ƙanƙantarsa. Ku ɗauki hotonsa yana nan a wurinsa. Ku kwance shi. Ku zuba notunansa da washoshinsa a leda ɗaya. Ku rubuta sunansa a jikin ledar kafin hannunku ya taɓa wani abu daban. Hoto, kwancewa, leda, rubutu. Ku faɗe su da baki a duk lokacin da kuka ɗauki sifana har su zauna muku.

Mu gwada da ƙofar gaba. Kun tsaya a gaban ƙofar, kun ɗauki hoton maƙallanta daga kusa, yadda za a ga kan kowane noti. Kun kwance na sama, kun sa notunan a leda. Yanzu ku ajiye sifana a ƙasa, ku goge hannu, ku ɗauki alƙalami ku rubuta: Ƙofar gaba, hagu, sama, noti 4. Idan uku kuka samu, ku rubuta 3. Sai bayan kun rubuta ne za ku koma kan maƙalli na ƙasa, kuma shi ma da ledarsa daban. Kada ku ce ai duk na ƙofa ɗaya ne. Na sama daban, na ƙasa daban, domin wani lokaci akwai siririn ƙarfe da aka cusa a bayan ɗaya don ƙofar ta zauna daidai, kuma idan ya koma wurin da ba nasa ba ƙofar ba za ta ƙara rufuwa da kyau ba.

Hagu da dama suna rikitar da mutane da yawa, kuma ba abin kunya ba ne. A mota, ana lissafa su ne kamar kuna zaune a kujerar direba kuna fuskantar gaba. Hannunku na hagu shi ne hagun mota, ko da daga baya kun zagayo kun tsaya a gabanta kuna kallonta. Idan kuna shakka, ku shiga ku zauna, ku ɗaga hannun, sa'an nan ku fito ku rubuta. Wanda rubuta kalmar take yi masa tsawo ya sa H ko D kawai, ya isa.

Kada rashin kyan rubutu ya hana ku. Ba wanda zai ba wannan rubutu maki. Ku ne za ku karanta shi, kuma rubutu karkatacce a jikin leda ya fi leda marar rubutu sau dubu. Idan ba ku san sunan abin ba, ku ba ledar lamba, ku ce 27, ku rubuta 27 a littafi, ku zana abin a gefe yadda kuka iya, ku nuna da kibiya inda kuka ciro shi. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara da zane, kafin a gama motar sai na ga suna rubuta cikakken suna ba tare da sun lura ba.

Mu sake gwadawa da fitilar baya. Hoto tukuna, har da bayan fitilar inda wayoyi suka shiga. Wayoyin tsohuwar mota launinsu ya koɗe, ja da ruwan ƙasa sun zama ɗaya, saboda haka kafin ku zare waya ku naɗa mata ɗan salatif na takarda ku rubuta 1, ku manna wani a wurin da ta fito shi ma ku rubuta 1. Ta biyu 2 da 2. Sa'an nan ku kwance, ku sa a leda, ku rubuta: Fitilar baya, dama. Kun ga dai tsarin bai canja ba: hoto, kwancewa, leda, rubutu.

Akwai wani dalili kuma da ya sa ba a gauraya notuna. Motocin Jamus da Faransa da Japan da awon milimita aka yi notunansu, yayin da tsofaffin motocin Ingila da yawa suke da awon inci. Rabin inci milimita 12.7 ne, ya yi kusa da 13 har ido ba ya rarrabewa, amma noti na wannan awo idan aka tilasta shi a ramin wancan sai ya cinye zaren. Motar da ta yi shekara hamsin tana yawo hannu zuwa hannu kuwa, ba mamaki a same ta da iri biyun duka.

Notin da ya ƙi kwancewa kada ku yi masa ƙarfi. Ku kankare tsatsar da burushin waya, ku fesa masa man sassauta tsatsa, ku bar shi ya kwana. Sannu ba ta hana zuwa.

Dole in yi magana a kan kalmar nan ta zan tuna, domin na gaji da jin ta. Ba za ku tuna ba. Na sha ganin mutum ya kwance duk gaban mota a yini ɗaya yana murna, ya tara komai a bokiti, ranar haɗawa kuma ya zauna a gaban bokitin yana juya notuna da yatsa, yana tambayar kowa ko ya san na ina ne. Ba wanda ya sani. An ba ku leda, an ba ku alƙalami, an nuna muku sau da yawa. Wanda ya kwance abu biyu kafin ya rubuta na farko ya tsaya nan take ya koma baya. Gaggawar da kuke yi ba ta rage muku aiki, ƙara muku take yi, kuma babba da iyalinsa bai kamata sai an tsaya a kansa kafin ya rubuta kalma uku ba. Ledojin kuma ku jera su a kwali bisa sashen mota, na ƙofofi a kwali ɗaya, na injin a wani, ku rubuta a jikin kwalin shi ma.

Darasi Na Uku: Tsatsa Da Walda

Tsatsa tana samuwa ne inda ruwa da iska suka daɗe a kan ƙarfe, kuma fenti ba ya kashe ta, ɓoye ta kawai yake yi. Ku yanke ruɓaɓɓen wurin har ku kai ga ƙarfe mai haske. Ku ɗora kwali a kan ramin ku zana siffarsa, ku yanko sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na motar bisa wannan siffa. Idan za ku yanke ƙarƙashin ƙofa, ku fara tokare bakin ƙofar da sandar ƙarfe don kada jikin motar ya karkace.

Kafin a kunna walda a cire tankin mai gaba ɗaya a kai shi waje. Tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari, saboda tururin da ya rage shi ne ke fashewa. A yi waldar ɗigo-ɗigo, nan ɗaya can ɗaya, ana bari yana hucewa, domin zafi mai yawa a wuri ɗaya yana lanƙwasa siririn ƙarfe. A sa gilashin kare ido. A shafa fentin share fage a ranar, kada ƙarfen ya kwana tsirara.

Darasi Na Huɗu: Injin

Kada ku tayar da injin da ya daɗe a kwance da makulli. Ku cire fulogogi, bayan kun sa wa wayoyinsu lamba kamar yadda aka koya, ku ɗiga ɗan mai a kowane rami, ku juya injin da hannu da sifana. Ku zubar da tsohon baƙin mai. Idan ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga. Ku canja duk tiyon fetur, domin tsohuwar roba tana tsagewa, kuma a tsohuwar Kombi, da injinta ke baya yana sanyaya da iska, wannan yana jawo gobara. Tazarar bawul ɗin irin wannan injin, wato ɗan giɓin da ake bari tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi, milimita 0.15 ce, kuma ana auna ta ne injin yana sanyi.

Darasi Na Biyar: Birki Da Taya

Man birki yana shan ruwa daga iska, don haka a zubar da tsohon a sa sabo, a canja tiyoyin roba. Wajen fitar da iskar da ta shiga bututun birki a fara da tayar da ta fi nisa da uwar birki, wato famfon da ke tura man idan an taka birki. Kada a hure ƙurar tsohon birki, tana iya cutar da huhu. A goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Tayoyin da aka yi daga 2000 suna da lambobi huɗu a gefe, biyun farko makon da aka yi tayar, biyun ƙarshe shekarar. Tsohuwar taya a canja ta ko zanenta bai cinye ba.

Darasi Na Shida: Fenti Da Haɗawa

A goge da samfefa, a wanke, a bari ya bushe, a fesa fenti siriri sau da dama a wurin da iska ke shiga, da abin rufe hanci. Wajen haɗawa a fara da ledar ƙarshe a koma ta farko, ana duba hotuna. A gwada birki a fili kafin a hau titi, a sake ɗaure notunan taya bayan tafiyar farko.