Kafin ku biya kuɗin katifar latas

Jama'a, ga 'yar shawara ga masu shirin sayen katifar latas, wato wadda ake yi da ruwan itacen roba. Katifu biyu za su zo da kauri ɗaya, riga iri ɗaya, amma kwanciyarsu ta bambanta.

Ku fara tambayar mai shago yadda aka sarrafa ta. Dunlop da Talalay sunayen hanyoyin sarrafa latas ne. Ta Dunlop ta fi nauyi da tauri, ta Talalay kuwa ta fi laushi da dawowa da sauri in an danna. Sannan ku duba lambar nauyin latas ɗin a takarda, wato kilo nawa ne a kowace kubik mita: 65 mai laushi ce, 75 tsaka-tsaki, daga 85 zuwa sama mai tauri. Rubutun "mai tauri" kaɗai bai isa ba, domin kowane kamfani da nasa ma'aunin.

Danna katifa da hannu ba gwaji ba ne. Ku kwanta a kai kamar minti 10, yadda kuka saba barci, ko da masu shago na kallo. Mai kwanciya ta gefe yana bukatar kafaɗa da kwankwaso su ɗan nutse. Mai rigingine ya zura hannu ƙarƙashin ƙugunsa: in hannun ya wuce salin-alin, katifar ta yi masa tauri. Mai jiki da mai rub-da-ciki su ɗauki mai tauri. In miji da mata sun saɓa, ni dai tsaka-tsaki zan zaɓa.

Kuma don Allah kada a shanya ta a rana kamar katifar soso, rana tana busar da latas har ya riƙa marmashewa.