Yadda Za Ka Janyo Yaron Da Ya Juya Wa Makaranta Baya

Duk ajin JSS 2 da na koyar a Kano, sai na tarar da yaron bencin baya: ya zo bayan an shiga aji, ba littafi ba biro, ya tsokani na gabansa, ana fita tara ya haura katanga. Na daɗe ina zane irinsu kafin na gane bulala ta riga ta zame musu jiki.

Kada ka tsare shi a gaban 'yan aji. Nan yake kare girmansa, a wurinsa gara ka dake shi da a ce abokansa su ga ya sunkuyar da kai. Ba shi jakarka ya raka ka ofis, a hanya ka tambaye shi abin da yake yi da yamma, sannan ka ja bakinka ka saurara.

Wani da na yi wa haka ya ce: "Malam, yayana ya gama digiri, adaidaita sahu yake ja. Ni kuwa ina gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre, kullum da ɗan abin da nake kai wa Umma." Kada ka ƙaryata shi, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Yaron nan yana tunanin gobensa fiye da yadda muke zato, makaranta ce bai hango a cikinta ba.

Sai ka gwada karatunsa, ku biyu kawai, da littafin Hausa na firamare. Yaron nan nawa a layi na biyu ya tsaya, yatsansa na rawa a kan takarda, gumi ya keto masa. Ashe duk rashin jin nan kunya yake rufewa da shi. Abin ya tsaya mini a rai. Minti goma kullum muka riƙa yi kafin a tashi.

Darasin kuwa, ɗauko shi daga shago: nawa ya sayi gilashin waya, nawa ya sa wa mai ita, ribar kashi nawa ce cikin ɗari, yaya zai rubuta rasit. Daga nan ka nuna masa hanya: ya ci BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, a JSS 3, ya nemi kwalejin fasaha, ya fito da takardar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da sana'o'i, a kan sana'ar hannu.

Ranar da ya yi mako guda bai tsere ba, je gidansu da kanka. Da na yi sallama, mahaifinsa ya fito fuska a ɗaure: "Malam, me kuma ya yi?" Na ce, "Baba, alheri ne, yau shi ya karanta wa aji shafi guda."