Kurakuran da aka fi yi idan fedar birkin motar lantarki ta yi laushi

Idan direba ya taka birki ya ji fedar ta nutse kamar ya taka soso, a motar lantarki abin da ya fara zarga shi ne kwamfuta, kuma wannan zargin ne kan kai masu mota ga sayen kayan da lafiyarsu ƙalau. Gaskiya ne injin lantarki yana rage gudun motar ta hanyar mayar da wuta cikin batir, amma abin da ke damƙe ƙafafun ya tsayar da su har yanzu man birki ne da bututu da takalman birki da faifai. Laushin feda kuwa kusan kullum daga abu uku yake tasowa: iska a cikin layin, ruwa a cikin man, ko yoyo.

Kuskuren da ya dace a fara kaucewa shi ne ɗaukar raguwar birkin injin a matsayin laushi. Idan babban batirin ya cika maƙil, ko ya yi sanyi ƙwarai, ba ya karɓar wutar da ake mayar masa, sai direba ya ji motar tana sulalewa fiye da yadda ya saba. Wannan ba ciwo ba ne. Gwajin da ke raba gardama shi ne a tsayar da motar a kunne, a danna fedar da ƙarfi, a riƙe ta kamar daƙiƙa 30. Idan tana sauka a hankali, to akwai yoyo, ko kuma robobin cikin babban famfon birki sun gaji. Idan kuwa ta yi tauri bayan an taka ta sau uku ko huɗu a jere, iska ce ta shiga. Tsohon gwajin nan da ake yi wa motar fetur, na kashe mota a yi ta taka feda har ta sandare, ba ya faɗin komai a nan, domin motoci irin su Tesla Model 3 da Chevrolet Bolt suna amfani da iBooster na kamfanin Bosch, wanda ƙaramin injin lantarki ne ke ƙara wa ƙafa ƙarfi.

Sai kuma ƙara mai a gorar man birki ba tare da tambayar inda na farko ya tafi ba. A motar fetur man kan ragu kaɗan yayin da takalma ke cinyewa, amma takalman motar lantarki suna daɗewa ba su ci ba, saboda haka raguwarsa abin bincike ne: a duba bayan kowace ƙafa, da mahaɗar bututu, da tiyon roba, wanda idan ya tsufa yakan kumbura ya shanye ƙarfin da ya kamata ya isa faifai. A zuba irin man da aka rubuta a murfin gorar kawai. Man birki nau'in DOT 5 ba ya haɗuwa da nau'in DOT 3 ko DOT 4, man giya ko na inji kuwa kumbura robobin yake yi har a rasa birkin gaba ɗaya.

Daɗewar takalman nan ita ce ke sa a manta da man shekara da shekaru, alhali yana shan danshi daga iska ko motar tana tafiya ko tana ajiye, musamman da damina. Ma'aunin DOT 4 ya tanadi cewa sabon mai ba zai tafasa ƙasa da digiri 230 na ma'aunin Celsius ba, amma wanda ya sha ruwa ana lissafa shi a digiri 155. A doguwar gangara ruwan yakan zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai fedar ta tafi ƙasa, ta dawo daidai bayan man ya huce, mai motar ya ɗauka matsalar ta wuce. Ɗan abin auna danshin mai ba shi da tsada, kuma a ganina bai kamata garejin da ke karɓar irin waɗannan motoci ya rasa shi ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin fitar da iska. Bakanike yakan sa yaronsa ya yi ta taka feda shi kuma yana buɗe notin da ke jikin kowace ƙafa, kuma wannan yana isa idan iskar a bututu kaɗai take. Idan ta shige akwatin ABS, wato na'urar da ke hana ƙafafu kullewa yayin taka birki, sai an haɗa na'urar gwaji ta riƙa buɗe ƙofofin cikinsa tana kunna famfo, in ba haka ba za a ƙarar da gwangwani biyu fedar tana nan yadda take. A Toyota Prius, mai haɗa fetur da lantarki, buɗe ƙofar direba kaɗai yana tayar da famfon birki, shi ya sa cire takalma ba tare da bin matakan littafin motar ba yake iya jawo asarar mai ko raunin yatsa. Kada a bari gorar ta ƙafe ana cikin aiki, domin sabuwar iska za ta shiga. Akwai wani kuskure ƙarami da na ga ya wahalar da mutane: a musanya madamƙin dama da na hagu, wato ƙarfen da ke matse takalma a jikin faifai, notin fitar da iska ya koma ƙasa, alhali iska sama take taruwa. Wayoyi masu launin ruwan lemo kuwa na babban batir ne, aikin birki bai shafe su ba, kada hannu ya kai gare su.

Kafin a yanke hukuncin sauya wani abu mai tsada, a auna ƙaramin batirin nan mai bolt 12, domin shi ke ciyar da na'urar birki, kuma rauninsa yana kunna fitilun gargaɗi ya sauya yadda fedar ke amsawa. A zaro sandunan da madamƙin ke zamewa a kansu, a wanke tsatsa, a shafa musu giris ɗin birki, tunda rashin aiki yakan sa su ƙage. Bayan an haɗa komai, a taka fedar har ta yi tauri kafin motar ta motsa, sannan a gwada ta a fili da ƙaramin gudu, a tsaya da ƙarfi sau da yawa, a sake leƙa gorar da bayan ƙafafun a tabbatar babu ɗigo.